Lafiya Lau ta Kawuna

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Kara-Kara, na shiga cikin masu gyaran nuwayo, wato ƙwayar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wadda muke kira ordinater. Aikin sa kai ne, mutane daga ko'ina a duniya, kowane sashe da mai kula da shi. Ni kuwa sabon shiga, kaina ya yi girma, har tafiyata ta canza.

Matsalar da na ɗauka tamu ce ta gida. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke batiri ya yi ƙasa, na'ura takan yi barci, wani lokacin ta farka ta rikice. Gyaran nawa ya taɓa sassa biyu, mai raba wuta da mai kula da ma'ajiyar fayiloli. Mai sashen ma'ajiya ya ce ba zai karɓa ba sai mai wuta ya karɓa. Mai wuta, wata baiwar Allah mai tsantseni, ta ce sai an gwada gyare-gyaren sassan biyu a haɗe a kan tsohuwar na'ura ta gaske.

Irin wannan na'urar kawuna ne ke da ita a Gidimuni, inda yake buga wa mutane takardu da wutar rana. Na je na saka masa gyaran, na dawo. Bayan kwanaki na kira shi.

"Kawu, yaya ordinater?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Ba wata matsala?"

"Sai godiya, ɗana."

Ban tsaya ba, na rubuta musu cewa an gwada, komai daidai. Su biyun suka karɓa, aka sa gyaran a layin abin da za a saki ga jama'a a ƙarshen makon.

Ana gobe za a saki, ina cin tuwo, mahaifiyata ta ce, "Af, kawunka fa ya koma rubutun hannu da bik. Wai akwatin nan nasa tun da ka taɓa shi ya kwanta bai tashi ba."

Nan take na ajiye lomar, na ɗauki waya. Na kira kawu, babu rezo, layin bai shiga ba. Na sake kira, shiru. Abin da ke yawo a kaina shi ne dubban na'urori na mutanen da ban sani ba, da aikinsu a ciki, za su yi barci su ƙi tashi, kuma sunana ne a ƙarƙashin shaidar gwajin. Da kunya da tsoro na rubuta wa mutanen biyu cewa su dakata, shaidar da na bayar ba ta tabbata ba. Na hau kabu-kabu sai tasha, na shiga motar Gidimuni. Duk hanya ina duba waya ko sun gani, ba amsa.

Na samu kawu a inuwa, ya lulluɓe na'urar da ƙyalle kamar mai zazzaɓi.

"Haba Kawu, ai ka ce mini lafiya lau!"

Ya dube ni da mamaki. "To gaishe ni ka yi, me zan ce? Kuma ka sha wahala a kanta, in ɓata maka rai a waya?"

Da na bincika, kowane gyara shi kaɗai daidai yake. A haɗe ne ma'ajiya ke riga wuta farkawa, ta nemi abin da bai iso ba, ta daskare. Na hau tudu inda ake samun rezo. Saƙon matar nan mai sashen wuta na tarar: ta cire gyaran daga layi, ta sa na ma'ajiya ma ya cire, tana jiran bayani. A wurin na rubuta mata bayanin.

An gyara, ya shiga a zagaye na gaba, takardun kawu ma ba su ɓace ba. Har yau yana tsokanata da "injiniyan da ya sa akwati barci."

Tun daga nan in ina son sakamakon gwaji, sai na gama gaisuwa tsaf, sannan in ce, "To yanzu karanta mini abin da ke kan allon." Amma ba a na'ura kaɗai abin ya tsaya ba. Bara na kira mahaifiyata daga wurin aiki, na tambayi ƙafarta da ke ciwo, ta ce lafiya lau. Na ajiye wayar, na ɗauki makullin babur.