Ruwan Garin su Murja

Yayana Gwadabe masunci ne a Wudil. Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen soyayyen kifi a bakin gada ya ci guminsa, ko da bai san shi ba. A kan ruwa ba a fi shi haƙuri ba, amma wajen cika alkawari sai a hankali. Kome ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce, in Allah ya kai mu baɗi. Nakan tsokane shi in ce da baɗi mutum ce, da tuni ta kai shi ƙara.

Matarsa Murja ba 'yar nan ba ce. Daga wani ƙauye can kudu, wajen duwatsun Riruwai, aka kawo ta, kuma tun tana amarya iyayenta suka taso suka koma Kano, don haka ba ta sake taka garin ba. Abu ɗaya ta riƙe a zuci, wani ruwa da ke faɗowa daga kan dutse a dajin bayan garinsu. Takan ce tun daga nesa ake jin ruguginsa, in an je gindinsa kuwa ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Yaya ya yi dariya ya ce wane ruwa za a nuna wa ɗan Wudil. Duk da haka ya yi alkawarin kai ta, tun tana goyon Bilya, ɗansu na fari.

Shekara talatin da ɗaya ana abu ɗaya. Da damina ga gona a Lajawa, da kaka ga girbi, da rani ga kifi. Ana nan ciwon suga ya kama Murja, ya cinye mata ido. Ranar da suka dawo daga asibiti ta ce masa gani dai ya wuce, amma kunnenta ƙalau yake, so take ta ji ƙarar ruwan nan ko sau ɗaya.

A ranar Yaya bai ce baɗi ba. Ya same ni, da yake ina jan motar haya, ya ce jibi za mu tafi. Watan Maris ne, ana tsakiyar zafi. Daga ni har shi ba wanda ya kawo komai a ransa. Mu da muka tashi a bakin kogin da tun da muka yi wayo ba mu ga ya daina gudu ba, ina za mu san akwai ruwa mai hutu?

Muka ajiye mota a bakin ƙauyen. Wani dattijo ya nuna mana 'yar hanyar da ta shiga daji, ya dube mu kamar zai yi magana, sai Murja ta tare shi da gaisuwa da tambayar mutanen da, har ya manta. Muka kama hanya, Yaya riƙe da bakin sanda ita riƙe da ƙarshe, ni da jarkar ruwan sha. Sau uku tana zama ta huta. Inda duwatsu suka yi yawa ya goya ta, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Yana tafe yana kasa kunne, ba abin da ake ji sai busasshen ganye a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Da muka isa, ga dutsen nan baƙi, ya kai tsayin bene, amma a bushe ƙayau. 'Yar kududdufi ce kawai a gindinsa, ƙudan zuma na sha. Yaya ya daɗe a tsaye. Sai ya karɓi jarkar daga hannuna, ya ɗan hau dutsen, ya fara tsiyayo ruwa. Ƙarar ba ta fi ta mai alwala da buta ba. Na kau da kai don tausayi.

"Malam, sauko, kada ka ƙarar mana da ruwan sha," in ji Murja. "Na san ba ya zuba sai da damina. Nan aka haife ni."

"To me ya hana ki faɗa?" in ji Yaya.

"Da na faɗa, sai ka ce baɗi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushinta. Ta lalubi dutsen ta dafa, ta zauna a inuwarsa har la'asar. Allah ya yi mata rasuwa a watan Mayu, saura kwana tara a yi ruwan farko.

Cikin Agusta Yaya ya bar gonarsa da ciyawa, ya hau motar haya zuwa garin su Murja shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Da ya dawo na iske shi a bakin kogi, komarsa ta kamun kifi a gabansa bai ko warware ta ba. Na tambaye shi ya ya ga ruwan.

"Yadda ta faɗa haka yake," ya ce. "Na yi ta kiran sunanta, ni kaina ban ji muryata ba."

Tun daga ranar ban sake tsokanarsa da maganar baɗi ba.