Kifin Gajiyayye

A gidanmu, can bakin gulbin Kabi, kifin da aka fara fitarwa daga ruwa ba na wanda ya kama shi ba ne, na gajiyayye ne. Tsohon da gwiwa ta hana shi shiga jirgi, ko makaho, ko wanda ciwo ya kwantar, shi ake kai wa tun kifin yana motsi. Al'ada ce mai kyau, ni ma ina yaro na sha kai wa kakana, yana sa mini albarka. Ban san ɗacinta ba sai da na dawo daga yaƙin Laberiya da hannun hagu guntule daga gwiwa. Soja ta sallame ni, na iso gida, washegari da sassafe ƙanena ya yi sallama da karfasa a cikin ƙwarya. Ya durƙusa ya ajiye a gabana, ya kasa kallon idona. Lokacin ko arba'in ban cika ba.

Na ci don kada in kunyata shi. Kullum sai an kawo. Da na ce zan bi su ruwa, sai kawuna ya ce in yi haƙuri, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na tsani karin maganar nan har gobe. Wa ya ce musu jinka zan ɗauka? Na tattara na bar musu garin, na koma Kano na kama sayar da takalma, kuma takalman ne suka kai ni Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in, zamanin da in ka ji Hausa a titin garin sai ka tsaya ka waiwaya.

Wanda yake mini tafinta wani Bakatsine ne da ya zo karatu ya zarce da dillanci. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, don haka tun ranar farko na sanar da shi cewa bawana ne, shi ma ya ce ai ni ne nasa. Mutum ne mai tsoron rana da tsoron taɓo, ga son shayi. Shi ya kai ni wani shago a Zhanxi, kusa da tashar jirgin ƙasa, wurin wani lawban, wato mai shago, gajere mai yawan dariya. Duk lambar takalmin da ta wuce arba'in da huɗu, amsarsa ɗaya ce, "meyo", babu. Wai su ƙafafun mutanenmu sun fi ƙarfinsu.

Wata rana lawban ya ga yadda nake ɗaure kwali da haƙori da hannu ɗaya, ya tambayi Bakatsine me ya same ni. Da ya ji soja ne ni, sai dariyar ta ɗauke. Ashe yayansa ma tsohon soja ne, ya bar ƙafa ɗaya a yaƙin da suka yi a kan iyakarsu ta kudu. Ya ce masu shagunan layin suna haɗa hannu duk shekara su kama tafkin kifi a bayan gari, su kwashi tsofaffin sojoji da 'yan kaɗan da ke hutu daga bariki, a yini ana fatsa, a ci a sha, kyauta. Ya ce lallai in zo. Tun da na rasa hannu ban sake jefa ƙugiya a ruwa ba, kuma ni kaina ban san ko zan iya ba. Na ce zan zo.

Motar bas ta kai mu ranar Lahadi da hantsi. Tafkuna ne a jere kamar fadamar shinkafa, an shuka ayaba a kan gaɓa, ga zafi mai danƙo irin na garin. An kafa rumfa, an rataya jan ƙyalle mai rubutunsu, an jera kujeru a bakin ruwa. Sojojin sun zazzauna, wani babu ƙafa, wani ido ɗaya, wani hannunsa na rawa. Aka ajiye ni kusa da yayan lawban, dogo ne mai furfura, sandar guragu a jingine da cinyarsa. Ya kalli dunguna, na kalli wandonsa da aka naɗe da fil, muka gyaɗa wa juna kai. Gaisuwarmu ke nan.

Sai na lura da yadda ake fatsar. Ma'aikatan shagunan su ke sa abinci a ƙugiya, su ke jefawa, in kifi ya ci su ke jawo shi har bakin gaɓa. Sai a ɗora wa tsohon soja sandar a hannu, a ɗauki hoto, a tafa. Sojojin suna murmushin da na sani, irin wanda nake yi wa ƙanena.

Kafin in gama haɗiye wannan, aka fitar da babban kifi na farko a ranar, wani ƙato, cikinsa fari. Lawban ya sa shi a faranti, ya riƙo da hannu biyu, ya nufo ni, mai hoto na biye da shi. Bakatsine ya raɗa mini cewa girmamawa ce, ni ne baƙon da ya zo daga nesa, ni aka zaɓa.

Na san bawan Allah bai san komai game da gulbin Kabi ba. Alheri ya nufa. Amma na tsallake teku na bar ƙwaryar ƙanena, ga ta ta biyo ni a faranti. Raina ya ɓaci sosai, har kunnuwana suka yi zafi.

Na ce, "Kai Bakatsine, hwaɗa mai na gode, amma ba ni amsar wanga kihi."

Ya ce, "Haba Saje, a gaban jama'a? Ka karɓa mana, in ya so ka ba ni in soya. Mutumin nan shi ke ba mu kaya."

"Ko shi ka ba mu numfashi. Hwaɗa mai yadda nic ce."

Ban san me ya fassara ba, na dai ga ya daɗe yana magana yana sunkuyar da kai, ya fi abin da na faɗa tsawo nesa. Lawban ya tsaya da faranti a hannu, fuskarsa ta yi ja. Na ji tausayinsa, amma ban miƙa hannu ba.

Sandar fatsar da suka ba ni mai ƙarfen naɗi ce, sai da hannu biyu. Na ajiye ta, na warware zaren da yawa, na datse da haƙori. Na cire takalma. Na je gindin ayaba na tona da tsinke har na samu tana, don ni ban yarda da curin garin da suke liƙa wa ƙugiya ba. Na zauna a ƙasa, na matse ƙugiya tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi, na soma zura tanar. Ta zille. Na sake, ƙugiya ta soke ni a yatsa, jini ya fito. Wani ma'aikaci ya matso zai karɓa, na ɗago na kalle shi, ya koma inda ya fito. A ƙarshe tana ta shiga. Na naɗa bakin zaren a dunguna, na wulwula ƙugiyar na jefa can gefen da inuwar ayaba ta faɗa kan ruwa.

Shiru. Rana ta take. Ana ta fitar da kifi dama da hagu ana tafi, ni ko motsi babu. Bakatsine yana cikin rumfa da kofin shayi, yana ce mini in na gaji in yi magana, bawa ba ya jin kunyar ubangidansa. Ban kula shi ba. Tsoro nake ji, tsoron kada maganar kawuna ta tabbata a gaban mutanen da ko sunan garinmu ba su taɓa ji ba.

Can na ji an taɓa zaren, taɓawa irin ta mai gwadawa. Yatsuna suka tuna abin da na zaci sun manta. Na ƙyale shi ya haɗiye, sannan na fizga. Zare ya miƙe, ya shiga naman dunguna kamar wuƙa. Mai hannu biyu ja yake yana kamawa. Ni sai na ja da dama, in cije zaren, in sake miƙa hannu in kamo gaba. Kifin ya yi gabas ya yi yamma, ni kuma ina ja da baya, har santsi ya kwashe ni na zauna daɓas cikin taɓo. Ban saki ba. Na hango wani ma'aikaci ya taho a guje da ragar kwasa. Bai iso ba. Yayan lawban ya miƙa sandarsa ta guragu ya tare masa hanya, ya faɗi kalma ɗaya da ban san ma'anarta ba, amma na san muryar, da irinta ake tsayar da kurata a fareti.

Na jawo kifin kan gaɓa, na danne shi da gwiwa, na cusa babban yatsa a kunnensa na ɗaga. Bai kai na farantin girma ba. Na tsaya da shi, taɓo har wuya, jini na bin dunguna, hawaye na zuba, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Babu wanda ya tafa, kuma hakan ya fi mini. Yayan lawban ya karɓe sandar fatsarsa daga hannun ma'aikacin da ke riƙe masa, ya jawo kwanon abincin kifi gabansa. Mai ido ɗayan nan ma ya karɓi tasa. Lawban ya ajiye faranti a kan tebur, ya zo ya tsaya yana kallon kifina, ya ɗaga mini babban yatsa.

Saura al'ada. Ni ɗan masunta ne, kifin farko ba nawa ba ne. Na bi bakin tafkin nan da kallo tun daga wannan ƙarshe har wancan, kujera bayan kujera, mai ƙafa ɗaya yana fama da ƙugiya, mai rawar hannu ya kira na kusa da shi suna kokawa da zare. Ban ga gajiyayye ba. Sai na juya rumfa, inda mutum ɗaya ke zaune a inuwa, ƙafa biyu, hannu biyu, duka a kan kofin shayi.

Na ɗora masa kifin a cinya, a kan farar shaddarsa. Ya zabura yana salati.

Na ce, "Riƙe, bawana. Can gida, na wanda ba ya iyawa ne. Sa mini albarka."

Na koma gindin ayaba neman wata tanar. Na biyun nawa ne.