Akuyar da Baba Bai Yanka Ba

Duk wanda ka tambaya a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi me ya tashi Maman 'Yan Biyu da mijinta, zai ce maka tsoro ne. Wai rikici ya yi yawa, Ibo sun ga zama cikin Hausawa ba zai yiwu ba, sai suka kwashe suka koma Sabon Gari. Ba haka ba ne. Ina wurin aka yi komai, kuma da bakina a ciki. Rikicin ya zo ya wuce suna nan daram. Akuyar Kirsimeti ce ta tashe su.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, duka biyun na haya. Mijin yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a titin gidan Zu, ita kuma tana koyarwa a wata firamare ta kuɗi a Tarauni. Tun ban iya ɗaura ɗankwali ba suke nan. Umma ba ta fita da rana, don haka a kan katangar nan suka yi zumuncinsu. Kowacce ta kifa turmi ta taka, sai hira har miya ta kusa ƙonewa. Umma tana ce mata ƙawata, ita kuma da gurɓatacciyar Hausarta tana ce wa Umma uwargida. Ita ta koya wa Umma miyar agushi. Umma ta yi ta fama ta koya mata tuƙin tuwo, daga baya ta haƙura, ta ce wannan hannun sai sakwara.

Duk Kirsimeti Baban 'Yan Biyu yakan sayo akuya, amma ba ya sa mata wuƙa da kansa. Da safe zai ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce Malam ya taimaka. Baba ya fito da wuƙarsa ta layya, ya juya akuyar gabas, ya yi bisimilla ya yanka. Don mu ake yin haka. A unguwarmu ba mai cin yankan wanda ba Musulmi ba, ko me malamai suka ce a kai, kuma su sun sani. Ranar nan Umma ba ta ɗora tukunyar rana. Kafin azahar za a miƙo babbar kula ta kan katanga, dafa-duka da soyayyen nama har sai mun ture. In Babbar Sallah ta zo, cinya guda ta ragonmu tasu ce, ba sai an tuna wa kowa ba.

Ina ƙaramar sakandare soja suka koma bariki. Ni abin da na fara lura da shi, bakin mutane ya buɗe. Hotunan 'yan takara suka rufe katangu, rediyo ba abin da take yi sai gardama, layinmu ya cika da sababbin fuskoki daga ƙauyuka, yawancinsu 'yan acaɓa. Wasu abubuwan sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba, an daina raɗa in za a zagi gwamnati. Amma a lokacin ne na fara jin ana cewa mu da su, a bakin famfo, a cikin hayis, har a ajinmu. Matar da take duba mini aikin lissafi tun ina firamare, yanzu ta shiga cikin su.

Da aka yi tashin hankali a gari, kwana uku suka yi a gidanmu, su huɗu. Baba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da carbinsa, duk wanda ya tambayi maƙwabta sai ya ce sun yi tafiya. Da ƙura ta lafa suka koma gidansu, ko cokali ba su rasa ba. Maman 'Yan Biyu ta ce wa Umma ita kam ba inda za ta, a nan ta haihu, a nan za ta tsufa.

Baba ne ya biya kuɗin wannan zaman tabarma. Magana ta fara yawo a majalisar ƙofar masallaci. Wani ya ce masa ashe Malam yana da 'yan uwa a kudu bai faɗa ba, aka yi dariya. Wani ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Baba direba ne a wata ma'aikata, daga ƙauye ya zo, ba shi da dangi a birni, gidan ma ba nasa ba. In aka sa shi gaba ba mai tsaya masa. A lokacin ban ga wannan ba. Yanzu na gani.

Ranar Kirsimetin shekarar, Baba ya fita sallar asuba bai dawo ba. Ya ce wa Umma ogansa zai yi tafiya. Ni da na shiga share ɗakinsa na ga mukullin motar ofis a rataye a ƙusa inda yake ajiye shi. Nan take na gane.

Ina sharar ƙofar gida Baban 'Yan Biyu ya zo, na ce Baba ya fita. Ya dawo da hantsi, na ce bai dawo ba. Akuyar tana ɗaure a gindin dalbejiya tana ta kuka, an kawo ruwa a bokiti, an haƙa ɗan ramin jini, komai yana jiran mutum ɗaya. Da ya zo karo na uku rana ta kusa take tsaka, ni kuma haushin Baba ya cika ni. Ban iya ganin ana wahalar da mutum a banza.

Na ce, "Oga, ka daina wahalar da kanka. Ba aiki ya tafi ba, mukullin motarsa yana ɗaki. Ba ya so a gan shi ne."

Ya dube ni. Sai ya ce, "To, 'yata. Na gode."

Da ya so, da ya aika kasuwar Tarauni an kira mahauci, minti goma ya isa. Bai aika ba. Ya shiga gida ya ɗauko wuƙar kicin ya yanka akuyarsa da kansa, a shekarun da na san shi karo na farko. Ina tsaye ina gani.

Umma tana ciki, ba ta san komai ba. A tunaninta Baba ya yanka kafin ya wuce, kamar kullum. Ba ta ɗora tukunya ba. Aka yi azahar, ƙamshin suya yana tsallako katanga, ba kula. Aka yi la'asar, ƙannena suka fara kukan yunwa. Ta tashi ta dafa taliya da manja. Sai da ta zuba mana ta zauna, ta dubi katangar ta ce, "Ashe abin ya iso har nan."

Nan ne ya kamata in yi magana. Ni da kowa ya sani ba na riƙe zance, ni da Umma take cewa bakina ya riga hankalina fitowa duniya, ranar na yi shiru. In na faɗa, na tona Baba, kuma na tona kaina. Baba ya dawo da magariba bai tambayi nama ba. Umma ma ba ta tayar da zancen ba, don ba ta so ya ji cewa mutanen da ya zauna a ƙofa dominsu sun hana mu abinci.

Daga ranar ba wadda ta sake taka turmi. In sun ji motsin juna sai a yi gaisuwa ta bayan katanga, ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Da Babbar Sallah ta zo Umma ta ware cinyar, ta sa a faranti ta rufe. Na miƙe zan ɗauka ta ce in bari tukuna. Har yamma tana nan a rufe, daga baya aka kai wa wata tsohuwa a bayan layi. Kafin damina ta faɗi akori-kura ta tsaya a ƙofarsu. Maman 'Yan Biyu ta shigo zaurenmu ta yi sallama, Umma ta amsa daga ɗaki, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Bayan motar ta tashi na sami Umma tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

Na gama sakandare, shekaru sun ja, Umma ba ta sake yin ƙawa irin wannan ba. In an yi zancen a gabanta sai ta ce ai tsoro ne ya tashe su, ta canza magana.

Makon jiya na je tashar Unguwa Uku kai saƙo, sai na ji an riƙo mini mayafi. Maman 'Yan Biyu ce, ta yi furfura, Hausar tana nan yadda take. Ta rungume ni a gaban mutane, ta ce na yi tsawo amma da gani bakin bai ragu ba. Ta tambayi kowa, ta bar Umma sai ƙarshe.

"Uwargida fa? Har yanzu tana gudun mu?"

Na ce ita ce ke ganin an guje ta, ta zauna da yunwa har la'asar tana jiran kula.

Ta saki mayafina. Ta ce, "Me zan aiko mata? Naman da ba za ta iya ci ba? Na zaci da saninta Malam ya ƙi zuwa. Kuka na yi ta yi a kan tukunyar nan."

Ta kwatanta mini gidansu a Sabon Gari, ta maimaita har sau biyu don kada in manta.

Na dawo gida na tarar da Baba a zaure yana gyara fitila. Ya tsufa, ya yi sanyi, kuma na san ba mugunta ce ta fitar da shi ranar nan ba. Amma abin da Umma ta sha ya isa haka. Gobe bayan ya karya zan same shi shi kaɗai, in fara faɗa masa abin da ni na ce wa Baban 'Yan Biyu, don nawa laifin ba ƙarami ba ne. Sannan in ba shi zuwa Juma'a ya gaya wa Umma da bakinsa. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ranar Asabar zan sa ta ɗauki mayafinta mu hau hayis zuwa Sabon Gari.