Baba Mai Kwaɗo da Gidan da Fada Take Jira

Shekara ashirin da takwas Baba Mai Kwaɗo ya yi yana aiki guda: kulle ƙofar matattu. Ba kowane mamaci ba, sai wanda ya tafi bai bar ɗa ba, bai bar jika ba, ba wani na jini da zai fito ya ce ga ni. A ƙasarsu doka ta ce irin wannan mamaci sarki ne magajinsa. To sarki ba zai tattare riga ya shiga lungu yana tsallake kwata ba, shi ya sa aka ɗauki Baba, aka ba shi babur da jakar fata cike da kwaɗuna, kowanne da tambarin fada a jikinsa.

Ofishinsu yana bayan fada, dab da inda ake zubar da sharar kicin, don haka ko hancinka a toshe yake za ka san abin da manya suka ci jiya. A bangon ofis akwai ƙatuwar taswira. Duk inda aka shafa ja na sarki ne: bakin kogi, babbar kasuwa, dutsen da ake haƙar ma'adini, daji har inda ido ya gaji. Direban ofis, wani mai bakin da ba ya mutuwa, shi yake ba sabbin ma'aikata tarihinta.

"Kakan kakansa ya zo da takobi ya tarar da mutane suna noma. Ya ce sannunku da aiki, ku ci gaba, amma daga yau haya kuke. Shi ke nan fa tarihin, sauran duk kiɗa ne."

Da tsohon sarki ya rasu, jan nan gaba ɗaya ya koma hannun ɗansa, ba a gutsiri komai da sunan haraji ba. Shi kuwa direba, da ubansa ya mutu ya bar shagon faci, masu haraji sun riga 'yan gaisuwa zuwa.

Baba ba ya sa baki a irin wannan hira. Shi dai aikinsa. In ya isa gida sai ya ƙwanƙwasa sau uku, ko da ya san mai amsawa yana ƙarƙashin ƙasa. Sannan ya shiga ya kasa kaya kashi uku: na gwanjo, na bola, na wuta. Hotuna da wasiƙu na wuta ne, don fada ba ta cin gadon kewa. Bai taɓa shan ruwa a irin gidajen nan ba, bai taɓa sa ko cokali a aljihu ba. Direba yakan ce, "Baba, kai kaɗai ne mai gaskiya a cikin sana'ar ɓarayi, kuma abin bai yi maka kyau ba."

Gidansa ɗaki uku ne a wani lungu, shi ya ɗora kowane bulo. Matarsa ta zo masa da 'ya mai shekara biyu, ya goye ta a wuya, ya kai ta makaranta, yana kiranta Auta duk da ba ta da wa ba ta da ƙane. Allah bai ba su haihuwa ba, matar kuma ta riga shi tafiya. Auta ta zama malamar firamare, ta auri wani da unguwa ke kira Ɗan Kwangila, saboda kullum akwai kwangilar da za ta fito ranar Litinin. Litinin ɗin ce har yau ba ta zo ba. Suna zaune tare da Baba, kuma in surukin ya gaishe shi, amsawa yake kamar an taka masa yatsa.

Wata rana aka aike shi gidan wani mai gyaran agogo. Ya ƙwanƙwasa sau uku, sai aka amsa. Wata mata ce, za ta yi arba'in, tana zaune a bakin gadon mamacin.

"Baiwar Allah, ke wace ce a gidan nan?"

"'Yarsa."

"Ta jini?"

"Shi ya raine ni. Shekara shida ina juya shi a gadon nan, lokacin ina jinin yake? Ga wasiyyarsa ma."

Baba ya karɓi takardar ya kai ofis, don haka tsari yake. Lauyan fada ya ɗaga ta sama kamar mai duba jabun kuɗi, ya ce sa hannun yana rawa. Ina hannun mai shekara tamanin zai ƙi rawa? Baba ya koma ya tsaya a tsakar gida har matar ta gama ɗaure kayanta a zanin gado, ya danna kwaɗo. Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi samun barci. A watan da aka yi gwanjon gidan, aka sa wa garejin fada na'urar sanyi, wai kada motocin sabon sarki su ji zafi.

Duk da haka bai ɗauki abin a kansa ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sai aka kawo sabuwar akawu, yarinya mai zafin nama, ta fito daga jami'a da tsari. Ta ce bai kamata ofis ya zauna sai an mutu a zo a gaya masa ba, a riƙa sanin tsofaffin da ba su da magada tun suna numfashi. Manaja ya ji daɗi har ya saya mata allurai masu kai ruwan ɗorawa, tana kafawa a taswira. Ranar nan ta kira Baba, tunda ba wanda ya kai shi sanin lunguna.

"Baba Mai Kwaɗo, don Allah duba min wannan. Ɗaki uku, bayan injin niƙa. An ce tsohon ba shi da kowa sai agola, kuma yana da hawan jini. In je da mota ko hanyar ba ta shiga?"

Ta karanto sunan da ke takardar. Sunansa ne na yanka, wanda rabon da a kira shi da shi a ofis tun kafin a haife ta.

Baba ya dubi allurar. An kafa ta daidai, ko kuskuren lungu babu.

"Mota ba ta shiga," ya ce. "Kuma tsohon yana shan maganinsa."

Direba, da yake tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi dariya, sai dariyar ta maƙale. A waje ya tare shi.

"Rubuta wasiyya, Baba."

"Hannuna ya fara rawa."

"To me za ka yi?"

"Kyautar gidan zan yi wa Auta. Tun ina raye, gaban alƙali, da ƙafata."

"Ɗan Kwangila zai cinye gidan nan kafin ka rufe ido!"

"Ya ci. Shi aƙalla yana gaishe ni da safe."

Auta ta yi kuka, ta ce mutuwa yake kira. Ya ce ba kiranta yake ba, riga ta yake. Suka je kotu, ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, yana danne takardar da gwiwar hannu. Da labari ya kai ofis, manaja ya kira shi ya ce abin da ya yi bai nuna kishin fada ba, bayan duk abin da fada ta yi masa. Baba ya tsaya yana tunanin mene ne abin, bai tuna komai ba sai babur. Ya ajiye makullinsa a tebur, ya tafi gida a ƙasa.

Direba bai yi ƙarya ba. Wata shida ba su cika ba Ɗan Kwangila ya fasa bangon ɗakin gaba ya yi shagon sayar da tayil na daɓen ɗaki, ya cika ɗaki na biyu da kwalaye, Baba ya koma ɗan ɗakin ajiya na baya kusa da kicin. Tayil ɗin har yanzu suna nan, sai ƙura ke ciniki.

Da damina ta sauka, rufin ɗakin ya fara yoyo daidai kan filo. Auta ta shigo da roba ta tara, idonta ya yi ja.

"Baba, dubi inda muka sa ka. A gidanka."

"Gidan wa?"

"Baba, don Allah."

"Ni baƙo ne, 'yar nan. Je ki gaya wa mai gidan rufinta yana zuba, ta kira kafinta." Ya ja gadon gefe, ya gyara kwanciya. "Kuma ki ce mata kada ta ba mijinta kwangilar."