Faifan Da Ɗanjuma Ya Ajiye A Kamazou

Shekara shida ke nan da muka raka Ɗanjuma makwancinsa. A zamaninsa, in ka shiga shagonsa na Kakuri, tsofaffin ma'aikatan masaƙa za ka tarar a kan benci, kowa na jiran a naɗi muryarsa. Yau babu bencin. An sa gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, mai shagon kuma Kabiru ne, ɗan ƙanena.

Ɗanjuma ɗan abokina Bitrus ne, mutumin Filato. Da Bitrus muka yi aikin injin saƙa kafin masaƙu su durƙushe, ni kuma na bi fatauci ƙasa-ƙasa. Yaron ya karanci kwamfuta, ya sayi babbar na'urar da suke kira saba, ya jawo Kabiru suka haɗa sana'a.

Ya taɓa yi mini bayanin aikin. "Baba, gidan haya ne. Na'urar ɗaya ce, amma na yanka ta ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki kwamfuta ce mai zaman kanta, kowa da rumbunsa a kan faifai." Akwai ɗakin wata makaranta, da na kantin magani, da na masu tankar mai daga Rido. Ɗaki ɗaya ne ba na haya ba, shi ne na muryoyin 'yan masaƙa. Matata Asabe, Allah ya jiƙanta, tana ciki. Ta ba da labarin sashen zare, ta rera waƙar da mata ke yi in an tashi aiki, ta yi dariya har da tari.

Dokarsa biyu ce. Ba ya yi wa ɗan haya alƙawarin wurin da babu shi a kan faifai, ko da yake na'urar ta yarda a yi hakan. Sannan kowane rumbu sai da na biyunsa a wani gida. Duk Asabar yakan kwafe komai a wani faifai, ya hau keke ya kai ɗakin mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, a Kamazou. Kabiru na yi masa dariya, wai wahalar banza. Ni ban yi ba. Na ga ayari a Agadas, ba sa ɗora salkunan ruwa duka a kan raƙumi ɗaya. Wanda ya girma a garin nan kuma ya san wuta ba ta sallama.

Ranar jana'iza, a harabar coci, Kabiru ya durƙusa gaban Mama Rifkatu ya ce amanar Ɗanjuma tana wuyansa. Da kunnena na ji.

Bana jikata Zainab za ta yi aure. Tana jaririya kakarta Asabe ta rasu, sai ta roƙe ni ta ji muryarta ko sau ɗaya. Na tafi Kakuri da ƙarfin gwiwa.

Kabiru ya ce, "Baba, ai wancan faifan ya mutu tun bara."

Na ce, "Allah ya kyauta. Ɗauko na Kamazou."

Sai ya shiga latsa waya. Da ƙyar maganar ta fito. Ya tara 'yan haya fiye da abin da na'urar za ta ɗauka, ya yi wa kowa alƙawarin babban rumbu, wuri ya ƙare. Sai ya je wurin tsohuwar ya ce zai duba lafiyar faifan. Ta ba shi, har da tuwo. Ya goge shi tas, ya raba wa sababbin shiga.

"Baba, hirar tsofaffi ce fa. Ba mai buɗewa."

Da ɗan gari akan ci gari. Na ji kalmar amana a bakin Larabawan Khartum, na ji ta a Fulatanci, na ji ta a kasuwannin Abijan, ban taɓa zuwa inda take nufin a riƙe sai ranar da wuri ya yi ƙaranci ba. Ƙarfe yana mutuwa, Ɗanjuma ya san haka, shi ya sa ya yi tanadi. Bai yi tanadin abokinsa ba.

Yanzu matasa suna cewa komai yana cikin gajimare, wato a ajiye a intanet. Da yana raye, na san abin da zai tambaya: gajimaren a gidan wa yake, kuma ina na biyunsa?

Me ya rage na Ɗanjuma? Mai kantin maganin ya kwashe kayansa daga wurin Kabiru, yanzu faifai biyu yake ajiyewa, ɗaya a shago, ɗaya a gidan surukinsa. Mama Rifkatu har yau tana share kantar da faifan yake zama, don ban iya gaya mata ba. Na yi ƙoƙarin rera wa Zainab waƙar, baiti ɗaya na tuna, shi ma ban tabbata ba.

Da Kabiru muna gaisawa a wurin suna da jana'iza, jini ba ya goguwa. Amma yawancin waɗanda suka zauna a bencin nan sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda zai sake naɗar su. Zainab ba za ta taɓa jin muryar kakarta ba.