Jego Babu Jariri

Maƙwabciyata ta haihu makon jiya, tun ranar kullum da hantsi ƙamshin kunun kanwa ke tsallako katanga ya same ni a tsakar gida. Mutane na son ƙamshin nan. Ni kuwa da na shaƙe shi sai ya mayar da ni gidanmu na Gwallaga, shekarar da Inna ta dawo daga Zariya.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Mu yara abin da aka gaya mana shi ne ta tafi ganin likita. Sai da na girma na san sunan abin, ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma kusan wata biyu ta yi ana haska mata wurin da na'ura, abin da mutane ke kira gashi. Ta dawo da farkon damina, ta yi duhu ta rame, zaninta na neman zagaye ta sau biyu. Likitoci suka ce ciwon ya kwanta. Baba ya yanka rago aka yi sadaka, 'yan barka suka cika gida. Kowa ya ce ta warke, shi ke nan aka rufe magana.

Nan Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗaura ɗamara. Tsohuwa ce mai kazar-kazar, rabin matan layinmu a hannunta suka yi jego. A wurinta raunin mace iri ɗaya ne, maganinsa ma ɗaya, a ba ta zafi ta dawo hayyacinta. Kuma kada ku ɗauka irin surukar nan ce ta labari. Son Inna take yi kamar ita ta haife ta. Da safe kunun kanwa, da rana farfesun ƙafar saniya, mai na yawo a sama, yajin da ke ciki ko ƙato ya sha sai ya yi hawaye. Da hannunta take ɗaukar kwanon, ta zauna bakin ƙofa, ba ta tashi sai ta ga gindinsa.

Inna takan sunkuyar da kai ta cinye. Kafin a wanke kwanon ta ɗauki buta. Ta dawo, ta sake ɗauka. Wata rana na ƙirga don neman magana, da na kai goma sai na bari. Kaka ta ce alama ce mai kyau, dattin ciwo ne ke fita, ta ƙara yaji.

Haka damina ta raba, Inna ba ta taka ko zaure ba. Matar da a da ba a suna ko biki a unguwa sai da muryarta, ta koma ɗaki da hanyar bayan gida. Ko salla sai ta sake alwala sau biyu kafin ta idar. In aka ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ina kuwa wanda ya tsallake ciwon daji zai sami bakin ƙorafi a kan gudawa?

Ni haushinta nake ji, ba zan ɓoye ba. Aka yi bikin ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, layi uku tsakaninmu, ta ce ba za ta ba. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, kowa ya ce kin warke, son jiki ne kawai." Ba ta dake ni ba, ba ta ma ɗago ba. Ta dai juya fuska bango. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ana fara cin ɗanyar masara wata mata ta yi sallama, ɗauke da rabin buhu a ka. Manomiya ce daga Inkil, tare suka yi jinya da Inna, ɗaki ɗaya suka kama a can. Irin mutanen nan ne da ba su san kwana-kwana ba. Ta iso daidai Kaka ta ajiye kwano. Ta buɗe, ta leƙa, ta dafe ƙirji.

"Kai, Mama! Wa ya ba mai jinya wannan? Ai hanjinmu ya sha wuta, ba ya ɗaukan yaji, ba ya ɗaukan mai, kanwa kuwa sai ya wanke mutum. Ni sau ɗaya na gwada, kwana uku ban je gona ba." Ta juya wurin Inna. "Ke ba tare aka gaya mana ba?"

Kaka ta dubi Inna, ta ce, "An gaya miki?"

Inna ta ce, "An gaya mini."

"To me ya hana ki faɗa?"

Muryarta can ƙasa ta ce, "Da wane baki zan mayar da kwanon da kika ɗauko da hannunki?"

Ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka ba, ko ranar da ƙaninta ya rasu. Ranar ta zauna daɓas a ƙasa, hawaye na bin tsagen fuskarta. Ta ce, "Wata uku ina ɗura miki wahala kina ce mini na gode. Wannan ba kunya ba ce, 'yar nan, kin so ki sa ni in tashi da alhakinki." Sannan ta share fuska, ta jawo baƙuwar kusa, ta ce ta lissafo mata abin da ake ci da wanda ba a ci, ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar tukunyar gidanmu ta zama lami. Kaka ta ce ba za a ware wa Inna nata ba kamar mai cutar da ake gudu, kowa shi zai ci. Baba ya yi gunaguni kwana biyu, ta ce masa mai son yaji ga kasuwa nan. Sai ga shi da ƙullinsa a aljihu, yana barbaɗawa a zaure kamar ɓarawo.

Ba zan ce muku Inna ta koma yadda take ba. Ƙafarta ta hagu na kumbura in ta daɗe tsaye, ƙarfinta bai dawo duka ba, kuma har gobe in ta shiga gidan mutane bayan gida take fara nema da ido, ta zauna kusa da ƙofa. Amma ta fita. Kafin lokacin girbi ya yi ta je suna, ta zauna cikin mata har la'asar, ta dawo tana ba mu labarin wadda ta fi kowa cin tuwo.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Yanzu an fi faɗin sunan ciwon, an fi zuwa asibiti da wuri, sai dai har yanzu da an ce mace ta warke muke tattara tabarmi, mu bar ta da sauran. Ni dai na daina tsayawa a "ya jiki". Nakan tambayi me ke ci wa mutum tuwo a ƙwarya, in jira amsa.

Watan jiya Inna ta kwana biyu a gidana. Uwar mijina ta aiko mata da dambun nama, ja wur da barkono, ta kuma biyo sawu don su gaisa. Inna ta buɗe, ta rufe, ta tura shi gabana, ta dubi matar ido cikin ido.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya. Amma ni wannan ba na ci, yana wahalar da ni."