Na Ce wa Baba Ƙirjinsa Fes Yake

Har yau in na ji ƙugin janareta da warin gas, sai in ganni tsaye a bakin motar ɗaukar hoton ƙirji da ta zo Sabon Birni a shekarar da gero ya bushe kafin ya fitar da kai. Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba, yarinya ce ni mai yawan shiru da rubuta baitoci a bayan littafi. Da yake ina jin Turanci, aka ɗauke ni in riƙa faɗa wa mutane sakamakonsu.

Babu likita a motar. Kwamfuta ce mai ƙirƙirarriyar basira take duba hoton, in ta ga alamar tarin fuka ta shafa ja a wurin, sai a tura mutum gwajin kaki. Babana ya zo da tarin da ya yi wata biyu yana cewa ƙurar gona ce. Ya shiga yana tsokanar ma'aikacin motar, wai a duba da kyau ko akwai sauran tuwon bara a ciki. Hoton ya fito da ja a saman huhunsa na dama, kamar hadarin da ya taso da yamma.

A shekarar, magidantan layinmu sukan haɗa ɗan abin da kowane gida ya dafa su ci tare a ƙofar gida, don kada a gane wanda bai ɗora tukunya ba. Mu ma sau da yawa ba mu ɗora ba. Na san da an ambaci tarin fuka za a ware wa Baba kwano. Na fi tsoron bakin wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar, wanda ba ya ganin abu ya yi shiru. Sai na ce a raina, ai na'ura ce, ba ta san Baba ba, za ni jira damina ta gyaru kafin in faɗa masa. Na ninke takardar sakamakon, na ce masa ƙirjinsa fes yake. Ya dafa kaina, ya ce Allah Ya yi mini albarka, karatuna ya yi rana.

Bayan wata bakwai ya fara tofar da jini. Da muka kai shi asibiti, likita ya tambayi ko an taɓa yi masa hoto. Inna ta ce an yi, ɗiyarsa ma ta karanta, lafiya lau. Na bar maganar a haka. Baba bai kai shuka ta gaba ba.

Na'urar ba ta yanke hukunci ba, cewa kawai ta yi a ƙara bincike, ni ce na yanke. Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa sakamakon wani, ya faɗa masa yadda yake, ya bar likita ya tabbatar. Tausayin da ke ɓoye ciwo ba tausayi ba ne.

Sai bayan shekaru, matar maƙwabcin nan ta faɗa mini cikin hira cewa shi ma ja ya fito masa a ranar. Ya sha magani wata shida, kyauta, ba wanda ya ware masa kwano. Jiya na gan shi ya wuce masallaci.